Jaket ɗin hawan dutse a dusar ƙanƙara: wanne ne ba ya riƙe gumi?

Ɗan Matan Fada, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, da fatan ana shan hunturu lafiya. Tambaya ce da ni wadda na san wasu za su yi dariya, amma a daure a taimaka.

Ina karatun digiri na biyu kan harkar kamun kifi a jami'ar Tromso, can arewacin Norway. Yanzu haka ina gida hutu, a Badariya, zan koma cikin Janairu. Abokan karatuna na can suna da wata al'ada ta ƙarshen mako. Sai su ɗaura siki a ƙafa, wato dogayen allunan zamiya, su manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashinsu don kada su zame baya, su kama hawan dutse da ƙarfin ƙafarsu awa biyu ko uku. Babu injin da zai ja mutum sama, babu hanyar da aka share. In an kai ƙololuwa a ɓare ƙyallen, a sulalo ƙasa cikin minti kaɗan. Sun ɗan ja ni ƙananan tuddai na tsibirin Kvaløya kafin dusar bara ta narke, kuma gaskiya abin ya shiga raina. Bana sun ce in na ƙara ƙwarewa za su tafi da ni yankin Lyngen wajen Afrilu.

Siki da takalma da sanduna aro nake yi, wannan ba damuwa. Damuwata jaket. Wanda nake da shi irin mai kaurin nan ne mai cike da soso, na zaman gari da jiran bas. Da shi na hau. Kafin a yi nisa singiletina ta jiƙe sharkaf, gumi na bin bayana har cikin wando. Da muka tsaya a sama cin burodi, iska ta buso, sai haƙorana suka fara haɗuwa, na kasa ko buɗe fulas ɗin shayi. Su kuwa suna sanye da wasu 'yan jaket marasa nauyi, ba komai a cikinsu, kuma ko a jikinsu.

Sun ce in nemi na waje zalla, mai hana ruwa da iska amma mai fitar da gumi. Na shiga shago a can, kuɗin ya kore ni: masu sunan nan irin Norrøna da Arc'teryx sai ka ga kroner 5,000 zuwa sama, in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki. Ga kuma lambobi a jikin takardar da ban gane kansu ba, wani 20,000 wani 28,000, wani an rubuta RET, wani 3L.

Shekaranjiya kuma na ratsa layin 'yan gwanjo a babbar kasuwa, na ga wani ja an rataye, an ɗinka Gore-Tex a bakin hannunsa, kuɗinsa bai kai na yadin shadda mai kyau ba. To wanne ne da gaske yake barin gumi ya fita? Kuma in ɗauki na gwanjon nan in huta, ko asarar kuɗi ce?

Injiniya Baban Hafsa, ɗan Gusau mazaunin Calgary

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba abin dariya, mu ma da muka taso ba mu san dutsen da ya wuce na Kwatarkwashi ba, ga shi yanzu duk Asabar ɗin hunturu muna duwatsun Kananaskis a nan Kanada.

Bari in fara da abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Duk jaket ɗin da ke hana ruwa shiga da gaske, ba zai iya fitar da gumin mai hawan dutse gaba ɗaya ba, komai tsadarsa. In ka riƙe wannan, rabin kuɗinka ya tsira.

Ga dalili. A tsakiyar yadin akwai wani tantani siriri. Na Gore-Tex asalinsa daga wani injiniya ne a Amurka, Bob Gore, wanda a 1969 ya gano cewa in aka fizgi robar PTFE mai zafi da sauri takan miƙe ta zama mai ƙananan ƙofofi. Kamfanin ya ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Shi ya sa ruwan sama ba ya shiga, tururin jiki kuwa yana iya fita. Sai dai tururin ba ya fita don ra'ayin kansa. Sai in cikin jaket ya fi waje ɗumi da laima sosai, sannan yake ratsawa. Ka san yadda shanya take a gida: yanzu da hunturu ka baza riga, kafin ka gama cin tuwo ta bushe ƙayau, amma a tsakiyar Agusta ta wuni a igiya tana nan danya. Yadin bai canza ba, iskar da ke kewaye da shi ce ta canza. Haka tantanin nan yake. Ranar sanyi mai bushewa yana aiki, ranar hazo da laima sai ya yi kasala.

Yanzu lambobin. Wadda aka rubuta da milimita, 10,000 ko 20,000 ko 28,000, ta hana ruwa ce: tsawon ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara tsattsafowa. Daga 20,000 ka wuce wurin, kada ka biya ƙari don wannan. Wadda aka rubuta da giram ita ce ta gumi, wato yawan tururin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya cikin awa 24. Raba 20,000 gida 24, ka samu giram 830 da ɗoriya a awa. A ido kamar ya isa, tunda mai hawa da kaya a baya yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa. Amma wannan sakamakon ɗakin gwaji ne, inda aka gyara zafi da laima yadda yadin zai fi nuna bajinta. A kan dutse ba ka samun haka, ga jakar goyo ta toshe maka baya gaba ɗaya, wurin da ya fi ko'ina zufa. Kuma hanyoyin gwajin sun bambanta, kowane kamfani yana zaɓar wadda ta fi fito da kayansa, don haka 20,000 ɗin wannan ba lallai ta zama ta wancan ba. RET, wato ma'aunin yadda yadi yake tare tururi, ta fi amana a wurina. Ita ƙarama ake so: ƙasa da 6 ya yi kyau ƙwarai, 6 zuwa 13 ba laifi, in ta haura 20 ajiye musu kayansu.

Shi kuma 3L yana nufin an manne abu uku sun zama ɗaya: yadin waje, tantani, da shafi siriri a ciki mai kare tantanin daga maiƙon jiki da gogar jaka. Mai 2.5 fenti kawai aka fesa a ciki maimakon shafi, ya fi araha da rashin nauyi, amma yana manne wa fata in ka yi gumi kuma yana saurin ɓarewa a wuya da kafaɗa. Mai 2 da raga a ciki na yawon gari ne.

Akwai wani rukuni da ya kamata ka sani. Tantanin Gore-Tex na gargajiya iska ba ta ratsa shi sam. Wasu kuma an saƙa nasu da zare mai matuƙar sirantaka ta yadda iska 'yar kaɗan take wucewa ta kwashi laima, tun kafin cikin ya cika da tururi. NeoShell na Polartec, AscentShell na Outdoor Research, da Futurelight da The North Face ta fitar a 2019 duk wannan layin ne. A hawa sun fi daɗi, wannan na shaida. Abin da aka ba ka a nan an karɓe a can: in iska ta yi ƙarfi a ƙololuwa za ka ɗan ji ta, kuma ba su kai Gore-Tex mai kauri jure wahala ba.

Ni dai abin da nake yi, ba na hawa da mai hana ruwa ko kaɗan. Ina sa mai laushin nan marar tantani, saƙaƙƙe mai talewa, wanda ke rage iska kawai. Dusar nan wurinmu busasshiya ce, a digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili in ta zubo maka sai ka kaɗe ta da hannu ta faɗi. Mai hana ruwan yana naɗe a gindin jaka, wani lokaci wata guda ban fito da shi ba. Da ni ne kai, da mai laushin zan fara saya, rabin kuɗi ne ko ƙasa da haka.

Na gwanjo kuwa na bar wa masu sana'ar.

Alhaji Mai Dila, babbar kasuwar Birnin Kebbi

Salamu alaikum. Yaro na ya nuna mini zancen ga, ya ce ana maganar hajarmu. Ɗana, ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da kuke hawa ba sai ta cikin firiza, amma jaket kam na fasa dilarsa tun ana kawo ta Kwatano ta biyo Kamba, har yau da muke sarowa Ƙofar Wambai. In gaya maka abin da hannu ya sani.

Irin wanga da kake nema yana fitowa, amma jefi-jefi, kuma mu nan ba shi da kasuwa. Ɗan kabu-kabu in ya zo da asuba yana rawar ɗari, mai nauyi yake so, ya ɗaga ya ji shi a hannu. In ka miƙa mishi wanga marar komai ciki sai ya ce ka raina shi. Shi ya sa kake ganin shi da arha, ba don mai shi ya san darajarsa ya yi maka sauƙi ba.

In ka koma wurin jan nan, kada ka tsaya kallon sunan da anka ɗinka a hannu. Suna ba wuya, akwai sababbi fil da ake zubowa da sunan manyan kamfanoni, ɗinkin ma a karkace. Juya shi ciki waje. Na ƙwarai za ka ga duk inda allura ta bi an bi bayanta da wani siririn tef an manne, har cikin hula da kewayen aljihu, ba inda anka tsallake. Sa farce ka ɗan sosa bakin tef ɗin. In ya ɗago, ko ka ga ya yi rawaya yana ɓarɓashi, to ya gama yayinsa. Kayan ga suna daɗewa a matse cikin dila, su sha zafin jirgin ruwa, su sha na sito, su zo su sha ranar Kebbi a rataye. Gam ba ya jure wannan. Na sha ganin wanda waje kamar ba a taɓa sawa ba, ciki kuwa tef na zuba da kansa.

Sannan duba bayan wuya da kan kafaɗu. In shafin ciki ya yi ƙuraje-ƙuraje, ya kumbura ya rabu da na waje, ko yana zubar da farin gari a hannunka, ba ya gyaruwa, ko tela ya rantse maka. Shinshina shi kuma, wanda robarsa ta ruɓe yana da wani tsami da wanki ba ya fitarwa. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa, ƙananan huji za su nuna kansu. Ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa, musamman na hammata in yana da shi, don irin zif ɗin ga mai roba ba a samun madadinsa wurin telolinmu.

Na ƙarshe, sayi fiya wata guda. Tura hannunka cikin kafaɗar, ka yi ɗan kwarmi, ka zuba ruwan a kan ɗinkin, ka riƙe muna hira minti biyar. In mai kaya ya hana ka wannan, yi gaba abinka.

Amma tsakani da Allah, ko ya ci duk jarrabawar ga, ni ba zan ce ka dogara da shi a wurin da sanyi ke kisa ba. Saye shi ka riƙa zuwa makaranta. Abin da zan ce ka kwasa a wurinmu shi ne rigunan ulu na ciki da masu laushin ga na filis, suna nan jibge, lafiyayyu, kuma su ba su da gam da zai lalace. Ka biyo layinmu bayan la'asar ka tambayi mai dila, kowa ya san rumfar.

Anti Nas, 'yar Yawuri mazauniyar Bodø, arewacin Norway

Sannunku. Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma a shawararsa ta ƙarshe ban bi shi ba, kuma ina roƙon ƙanena kada ya bi.

Yaya Injiniya, Calgary tana tsakiyar ƙasa, bayan manyan duwatsu, iskar teku ta zubar da ruwanta kafin ta iso ku. Tromso a bakin teku take, ruwan ɗumi na tekun Atlantika yana wucewa ta gabanta. Duk da tana can sama da da'irar Aktik, tsaka-tsakin sanyinta a Janairu bai wuce digiri 4 ƙasa da sifili ba. Ma'anarsa dusarmu jiƙaƙƙiya ce, mai nauyi, tana sauka a kafaɗa ta narke. A Lyngen sau da yawa daga bakin ruwa ake fara hawa. Kana iya tashi cikin yayyafi, a tsakiya ya koma ruwa haɗe da ƙanƙara, a sama ka tarar da iska mai tsaga fuska, duk a safiya ɗaya. Kowace mita 1,000 da ka hau ana rage maka kusan digiri 6, kuma digiri 5 ƙasa da sifili da iska mai gudun kilomita 40 a awa, jiki yana jin sa kamar 14 ƙasa da sifili ne. Mai laushin nan marar tantani in ya sha ruwa a ƙasa, ya zama kaya a sama. Ɗalibin da kuɗin jaket ɗaya gare shi, a wannan gaɓar teku, mai hana ruwa zai fara saya.

To gumin fa? Da hannu ake fitar da shi. Nemi mai dogon zif a hammata, daga kusa da gwiwar hannu har haƙarƙari, wanda za ka iya ja da safar hannu ba tare da ka sauke jaka ba. Wannan ƙofar biyu sun fi duk wata lamba da ke jikin takarda aiki. In na gaba ma yana buɗewa ta ƙasa, ƙari ne. Sannan ka tashi daga mota kana ɗan jin sanyi. In ka ji daidai a tsaye, kayanka sun yi yawa, minti goma za ka fara ɗiga. Ranar da sama ta yi garau ba iska, cire jaket ɗin ɗungurungum ka hau da rigar ulu da ɗan filis. Da an tsaya kuma, kafin ka sha ruwa, kafin hoto, ka zaro mai kaurin nan naka ka ɗora a kan komai. Wanda kake da shi na jiran bas zai iya wannan aikin in yana shiga jaka, ba sai ka sayi wani ba.

Ita kuma singiletin auduga da ka ambata, ita ce rabin abin da ya same ka. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta kwanta a fata tana zuƙe ɗumin jiki. A wurin aikinmu muna ganin waɗanda sanyi ya ratsa, kuma yawanci jiƙa da iska ne suka haɗu, ba wai tsananin sanyin ranar ba. Ulu ko roba a jikin fata, har da gajeren wando da safa. Maganar Alhaji a nan gaskiya ce, kwaso su a gida.

In za ka gwada jaket a shago, je da jakarka ta goyo ka ɗaura ɗamararta. Aljihun da ɗamara ta danne ba aljihu ba ne, a ƙirji ake son su, manya, waɗanda ƙyallen hawa zai shiga in ka ɓare shi, don ɗumin jiki yana hana gam ɗinsa daskarewa. Hular ta hau kan hular kwano, kuma in ka waiga ta waiga tare da kai. Ɗaga hannu sama ka ga ko gindin rigar zai fita daga ɗamara. Ga wani abu da mai shago ba zai tuna maka ba: bakin hannun ya zama mai faɗi da maɗauri, wanda zai naɗu ya wuce gwiwar hannu. Ranakun hunturu gajeru ne, azahar da la'asar duk a kan dutse za su same ka, kuma mai matsattsen hannu sai ka tuɓe shi a cikin iska kafin ka yi alwala.

Kaurin yadin waje ana rubuta shi da D. Tsakanin 30 da 40 ya ishe ka, yana naɗuwa ƙarami. Mai 80 na masu aikin ceto ne da masu goga jiki da dutse, nauyi ne kawai a gare ka. Zanen nan na ciki mai hana dusa shiga ta ƙugu ma ba dole ba ne. Launi kuwa ɗauki mai ihu, ja ko ruwan lemo, don a hango ka cikin hazo.

Batun kuɗi, kada ka sayi sabo. Mutanen nan suna canza kaya tun ba su tsufa ba. Duba shafin saye da sayarwa na Finn.no da manhajar Tise, ka leƙa shagon gwanjo na Fretex. Za ka samu na shekara biyu ko uku a rabin kuɗi, wanda bai taɓa shan zafin sito ba, kuma duk gwajin da Alhaji ya koya maka ka yi shi a can ma.

Kawu Na Jega

Ni tambayata daban ce. Yaro, an tura ka karatun kifi, me ya kai ka kan dutse? Mahaifiyarka ta san da wannan? Ina jin labarin dusar nan takan zaftaro ta binne mutane da ransu. Wace riga ce ke hana wannan? Allah Ya tsare, amma a yi tunani.

Ɗan Matan Fada, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu, Hajiya ta sani, ta ga hotuna, ta ce dai in riƙa addu'ar fita. Kuma watannin duhun can, in mutum bai motsa jiki ba zaman ɗaki sai ya taɓa shi, rana ba ta leƙowa tun ƙarshen Nuwamba sai bayan tsakiyar Janairu.

Alhaji, na koma da fiya wata kamar yadda ka ce. Tef ɗin hula ya ɗago, wuyan kuma yana zubar da garin nan. Na bar shi, na ɗauki rigunan ulu biyu da filis ɗaya a rumfar da ke kusa.

Saura abu biyu. Na ga wani a Finn mai 3L da zif ɗin hammata, amma mai shi ya rubuta cewa ruwa ya daina taruwa ƙwallo-ƙwallo a kansa, yana jiƙa yadin. Wannan ya mutu ke nan? Sannan an ce yana da RECCO a hula, shin wannan zai wadatar game da abin da Kawu ya faɗa?

Injiniya Baban Hafsa, ɗan Gusau mazaunin Calgary

Anti ta fi ni sanin samanku, a kan mai hana ruwa bi tata.

Jaket ɗin Finn bai mutu ba in tef da shafin ciki lafiya suke. Abin da ya ƙare maganin da ake shafa wa yadin waje ne don ruwa ya gangare. In ya ƙare, yadin yana shan ruwa, ruwan ya rufe wa tururi hanya, sai ka jiƙe da guminka ka ɗauka yoyo yake. Yawanci datti da maiƙo ne suka danne shi. Wanke shi a inji da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa na irin kayan, Nikwax ko Grangers. Ban da omo na gari, ban da turaren laushin kaya. Ka ɗauraye sosai, ka sa a injin busarwa minti 20 da matsakaicin zafi. In babu, dutsen guga mai ɗan ɗumi, ka shimfiɗa tawul a tsakani, ba tururi. In bai dawo ba sai ka fesa sabo. Sababbin jaket na yanzu da aka daina sa wa sinadaran PFAS masu korar ruwa da maiƙo sun fi na da son wanki akai-akai, ka sa wannan a lissafi. Kuma wannan aibin dalilin neman ragi ne, ka taya ƙasa.

Maganar Kawu kuwa ba ta wasa ba ce, Lyngen tana cin mutane, har da ƙwararru. RECCO ɗan ƙarfe ne kawai da ke mayar da sigina in masu ceto sun zo da na'urarsu, abokan tafiyarka ba za su iya nemo ka da shi ba. Wanda dusa ta binne, bayan kamar minti 15 damar fito da shi da rai tana faɗuwa da sauri, don haka waɗanda ke tare da kai ne za su tono ka. Kowa a tawagar sai ya rataya na'urar nema mai aikawa da karɓar sigina a jikinsa, a ƙarƙashin jaket, da shebur da sandar lalube a jaka, kuma ya iya aiki da su. Yawancin zaftarewa tana tashi ne a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45. Kafin kowace fita duba Varsom.no, suna ba da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma mataki na 3 ba na sabon shiga ba ne a gangare mai tsayi. Kuɗin da ka rage a jaket, kai shi kwas ɗin zaftarewar dusa na kwana biyu kafin Afrilu. Ƙungiyar masu yawon duwatsu ta DNT tana shirya irinsa, tambayi reshensu na Tromso da ka sauka, don gurbin yana saurin cika.